Daga Kari Zuwa Kwantiragi: Wa Ke Raba Gardama Kan Gumin Ɗan Wasa?

Mutanen Jega ba a koya musu ciniki. Tun da aka kafa garin a bakin Gulbin Zamfara a farkon ƙarni na 19 kasuwa ce ta raya shi, fataken goro na yada zango a cikinsa, masu gishiri da kanwa na gangarowa daga arewa. Har gobe a nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Koko da Yawuri suke gamuwa. Daga Jega zuwa Aliero zuwa Maiyama ba a raba mutum da sansa ko buhun hatsinsa sai an taya ya ce albarka, an ƙara, dillali ya shiga tsakani, an tafa a gaban shaidu, an cire la'ada. In rigima ta biyo baya akwai sarkin kasuwa, akwai dattawan sana'a. Abu ɗaya ne na daɗe ina ganin ana sayarwa a ƙasar nan ba tayi, ba shaida, ba mai raba gardama: ƙarfin samarinmu, wato damtsen ɗan dambe da ƙafar ɗan ƙwallo.

Lokacin da muke tasowa, kafin a yanke jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, wasan ƙarfi na kaka ne. In an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, sai kalangu ya fara tashi da la'asar a bayan gari. Dambe na mahauta ne, kokawa kuwa ta kowane ɗan manomi mai jin ƙarfi. Ayarin 'yan dambe kan taso daga wani gari da makaɗansu su sauka gidan sarkin fawa. Shi ke ba su masauki da tuwo, shi ke kai su gaisuwa wurin hakimi a nemi izinin fili. Ba wanda ke zama da ɗan dambe ya ce masa ga abin da za a ba shi. Zai naɗe kara a hannu, ya ɗaura layunsa, ya shiga fage. In ya yi kisa sai kari ya fara zuba: wannan ya miƙa kuɗi, wancan ya tuɓe riga ko hula, attajiri ya ba da ɗan akuya, wani ya yi alkawarin damin gero. Ranar tashi a yi wa ayari sallama, babbansu ya raba, ya fitar da na makaɗa, ya fitar da na yaran da ke share fage kafin manya su shiga.

Wannan tsari ba shi da takarda, amma yana da masu tsaronsa. Yaron da ya ga an tauye shi a rabo yana da inda zai kai kuka, ko wurin sarkin fawa ko wurin wani tsohon ɗan dambe da kowa ke jin nauyinsa. A zauna a zaure, a ji ta bakin kowa, a yanke, magana ta mutu. Bayan dattawa kuma akwai makaɗi. Wanda ya yi alkawarin kari a bainar jama'a ya saɓa ya san sunansa zai shiga zambo, kuma zambon zai riga shi isa kasuwar gaba. Bakin da ya ɗaga ɗan dambe Shago, wato bakin makaɗi Ɗan'anace, har sunansa ya gama ƙasar Hausa, irinsa ne ke iya kunyata marowaci a gari goma. Tsoron wannan kunyar ya biya 'yan dambe da yawa hakkinsu.

Aliero ta yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. A zauren wani mai ɗori a can na taɓa ganin an kawo ɗan dambe da wuyan hannunsa ya karye a turmi na biyu. Mutum biyu suka danne shi, tsohon ya shafa wurin da yatsu yana lalube, ya ja hannun sau ɗaya har muka ji ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya yi tofi. Yaron na ta haɗa gumi amma bai yarda ya yi ƙara ba. Maigidansa, wani mahauci mai furfura, yana tsugune a bakin ƙofa, sai ya ce, "Baba, wanga yaro nau na. Abin da duk ɗorin nan ya ci, ni ka biya." Ba a aika wa uban yaron ya kawo ko sisi ba. Har ya warke daga gidan mahaucin ake kai masa fura da nama. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin alfarma. Kowa ya san wanda ya ci moriyar hannun yana da lafiya shi ke da jinyarsa in ya karye.

Duk da haka wancan zamani yana da nasa zalunci. Kunyar da ke tsare hakki ita ce kuma ke rufe bakin mai hakki. Yaro ba ya iya ɗaga ido ya dubi maigida ya ce ga abin da na cancanta, ba ya iya barinsa ya koma wurin wani ba tare da an kira shi butulu ba. Kari kuwa na mai tashe ne. Ranar da ƙarfi ya fara ja da baya sai hannayen da ke miƙowa su koma kan wani sabo. Mun ga mazajen da fili ke girgiza in an kira sunansu sun tsufa ba gona ba jari, suna zagaya wuraren wasa ana ba su na goro.

Sannu a hankali dambe ya bar kaka ya zama sana'ar shekara. Aka kewaye fili da zana, daga baya da langa-langa, aka sa mai yankar tikiti a ƙofa. Gidajen dambe suka kafu a Kano da Sakkwato da Gusau, har Dei-Dei a Abuja da Alaba Rago a Legas. 'Yan wasa suka rabu ɓangare-ɓangare, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, aka fara sa babur da mota a gasa. Wayar hannu ta zo ta fitar da damben daga ƙasar gaba ɗaya, kisan da aka yi da la'asar kafin isha'i an kalle shi a wata nahiya. Kamfanoni suka shigo, irin su African Warriors Fighting Championship da Dambe Warriors League wadda aka ƙaddamar a 2023, da likita a gefen fili da ma'aunin nauyi da takardar yarjejeniya. Wannan ci gaba ne, kuma ina murna da shi. Sai dai ya zo da tambayoyin da sarkin fawa bai taɓa cin karo da su ba. Hoton bidiyon da miliyoyi suka kalla, na waye? In ɗan dambe ya sa hannu a wuri ɗaya, an hana shi wasa a wani wuri? Har tsawon wane lokaci? In ido ya tsiyaye, wa ke da asara? Saurayin da ya taso daga Sambawa ko Andarai, wanda karatunsa na allo ne, in aka miƙo masa takarda da Turanci, da me zai auna ta?

Ƙwallon ƙafa ma hanyar da ta bi ke nan, sai dai ta riga dambe shiga takarda. A 1990 aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, a shekarar ce kuma aka kafa Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2008, sannan ta jera uku daga 2012 zuwa 2014. Shekaru da dama abin da ke jan ɗan wasa zuwa kulob shi ne kuɗin sa hannu, dunƙulallen kuɗin da ake yi masa alkawari a farkon kaka, albashin wata kuwa ɗan kaɗan. Sau da yawa a ba shi wani kaso a ce saura na tafe, har kaka ta ƙare, ya koma wani kulob da bashin a baya. Da kamfanin shirya gasar, LMC, ya karɓi ragama, sai ya soke kuɗin sa hannu, ya sa mafi ƙarancin albashi naira 150,000 a wata. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kuma tana da kwamitin da ke sauraron ƙarar 'yan wasa da masu horarwa kan bashin albashi. Amma yawancin manyan kulob-kulob na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa. In aka yi canjin gwamnati, ko wata ya zo da ƙarancin kaso, ɗan wasa na cikin waɗanda ake fara mantawa da su. Ko ya yi nasara a gaban kwamiti, tsakanin hukunci da shigar kuɗi aljihu akwai tafiya mai nisa.

Wannan fa a sama ke nan. A ƙasa, inda yaranmu suke, ko takardar babu. Kowane yaro a gidan kallo ya san labarin Ahmed Musa, yadda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya tafi Holan a 2010, daga nan Rasha, daga nan Leicester ta Ingila a 2016. Abin da ba a gaya musu shi ne dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar unguwar da ba ta yi rajista ba, ba ta rubuta sunayen yaranta a ko'ina ba, ko ɗanta ya kai ƙololuwa ba za ta ga ƙwandala ba. A irin zauren nan na Aliero, bayan shekaru, na ga an sauke wani yaro daga kan babur, wansa na tallafe da shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye a wasan kofin ƙaramar hukuma. Hayarsa aka yi daga wani gari domin wasa ɗaya. Wanda ya ɗauko shi ya kashe waya tun a fili. Tunkiyar mahaifiyarsa aka kai kasuwa aka biya ɗori. Tsohon maigida mai cewa "ni ka biya" ya tafi da zamaninsa, kuma ba mu sa kowa a gurbinsa ba.

Abin da ya sa nake waiwayar wasan besbol na Amurka ke nan, duk da ba wasanmu ba ne. Wasa ne da ake jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri wani ya make ta da kulki ya ruga. Tun daga 1879 masu kulob suka sa wani sharaɗi da ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗaya muddin suna son sa. Su ke yanke albashi, su ke sayar da shi duk inda suka ga dama, in ya ƙi sai dai ya bar wasan. A 1966 'yan wasan suka ɗauko Marvin Miller, masanin tattalin arziki daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, ya shugabanci ƙungiyarsu. Cikin shekara biyu suka ƙulla yarjejeniyar farko da masu kulob, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 6,000 zuwa 10,000 a shekara. A 1969 aka yi musayar wani ɗan wasa baƙar fata mai suna Curt Flood daga St. Louis Cardinals zuwa Philadelphia Phillies ba da yardarsa ba, bayan ya yi wa kulob ɗin shekara 12. Ya ƙi tafiya, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1972 kotun ta ba shi rashin gaskiya, sana'arsa kuma ta mutu. Amma ƙofar da ya girgiza ba ta sake rufuwa da kyau ba. A 1973 masu kulob suka amince da a riƙa kai gardamar albashi gaban mai sasantawa wanda ba na kowa ba, a 1974 aka yi zaman farko, Dick Woodson na Minnesota Twins ya yi nasara. A ƙarshen 1975 wani mai sasantawa, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya karya tsohon sharaɗin.

Tsarin da suke kai yau yana da hikimar da ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasa ya sami 'yancin tafiya duk inda aka fi taya shi. Wanda ya cika uku bai kai shida ba yana nan hannun kulob ɗinsa, amma in ba su daidaita kan albashi ba, kowane ɓangare zai rubuta adadi ɗaya. A zauna gaban alƙalai uku, kowa ya kawo hujja, a kwatanta aikin ɗan wasan da na takwarorinsa da abin da ake biyansu. Alƙalan ba su da ikon raba tsakiya, dole su ɗauki ɗaya daga cikin adadin biyu. Saboda haka mai kulob na tsoron ya rubuta abin raini a ɗauki na yaro, yaro na tsoron ya rubuta abin haɗama a ɗauki na mai kulob. Tsoron nan ke jawo su kusa da juna, shi ya sa mafi yawansu ke shiryawa tun kafin ranar zama. Zaman kansa ba daɗi gare shi ba, domin ɗan wasa na zaune kulob ɗinsa zai riƙa lissafa kasawarsa. Amma ya fi a ce mai biya shi ne kuma alƙali.

Sai maganar doguwar yarjejeniya, wadda manomin Aliero zai fi kowa saurin ganewa. In an cire albasa da bazara kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai buƙata ya sayar nan take, wani ma tun tana fadama ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa. Mai hali ya ajiye a rumfa ya jira ta yi tsada bayan damina, ya ninka kuɗinsa, amma yana iya buɗewa ya tarar ruɓa ta ci rabi. Haka ɗan wasa yake tsakanin karɓar tabbataccen kuɗi yau da jiran babban ciniki gobe. Ronald Acuña, ɗan ƙasar Benezuwela, ya sa hannu a 2019 kan shekara takwas da Atlanta Braves a kan dala miliyan 100 tun yana sabon shiga. Da aka zaɓe shi gwarzon gasarsu a 2023 mutane suka ce ya sayar da kansa da araha. Amma jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2021, ta ɗaya ƙafar ta tsinke a 2024, kuma duk watannin jinya albashinsa bai tsaya ba, domin a can abin da aka rubuta sai an biya. Shohei Ohtani ɗan Japan kuwa ya jira har ya cika shekarunsa shida, a ƙarshen 2023 Los Angeles Dodgers ta ba shi dala miliyan 700 na shekara goma. Kowannensu ya zaɓa da idonsa a buɗe, da wakili da lauya da ƙungiya a bayansa.

Namu yaron ba ya samun ko ɗaya daga cikin biyun. In an ɗaure shi da doguwar takarda, shi kaɗai ta ɗaure, ranar da ya ji ciwo a sallame shi. In kuma ta shekara ɗaya ce, kullum yana cikin fargaba. Ga kuma faɗuwar naira. Naira 150,000 a 2014 ta kusa dala 900, a 2024 da dala ta haura naira 1,500 sai ta koma kusan dala 100. Duk wanda zai sa hannu kan shekara uku a ƙasar nan ba tare da sharaɗin ƙarin albashi kowace kaka ba, ya yarda ke nan a riƙa rage masa albashi kowane wata ba tare da an faɗa masa ba.

Ba sai mun jira Abuja ba kafin mu gyara na gabanmu, kuma ba baƙon abu za mu aro ba. Wannan ƙasar Gwandu ce, ƙasar malamai. Duk ɗalibin da ya karanta babin ijara a Risala ya san ba a ɗaukar mutum aiki sai an san ladan an san wa'adin, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Maƙwabtanmu na Nijar ma tun 1975 da suka fara gasar kokawar takobi a Tawa suka mai da ladan ɗan kokawa abin da hukuma ke sanarwa a fili kowa ya ji. Me zai hana duk mai shirya kofi ko wasan dambe a Jega ko Aliero ko Maiyama a ce sai ya rubuta, da Hausa, boko ko ajami, abin da zai biya da wanda zai ɗauki jinya, kafin hakimi ko ƙaramar hukuma su ba shi fili? Me zai hana a sa shi ya ajiye kuɗin jinya a hannun amintacce tun kafin a busa usur ko a buga kalangu? Me zai hana kowace ƙaramar hukuma ta sami zaman mutum uku, tsohon ɗan wasa da malami da ɗan kasuwar da aka yarda da amanarsa, waɗanda in gardama ta tashi kowane ɓangare zai faɗi adadinsa su ɗauki ɗaya? Masu ƙungiyoyin unguwa kuma su yi rajista, su rubuta sunan kowane yaro da shekarar da ya shigo.

Amma duk wannan ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai 'yan wasan sun haɗa kai. Abin da ya canza besbol ba tausayin masu kulob ba ne, ƙungiya ce, da mutum ɗaya da ya yarda ya rasa sana'arsa domin na baya su samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan damben da ya ce ba zai shiga fage ba sai an biya na jiya, in na kusa da shi zai karɓi rabin kuɗin ya shiga, to maganarsa ta faɗi ƙasa banza. Shekarun ƙarfi kaɗan ne, da wuya su wuce goma sha biyar, sauran rayuwa kuma da abin da aka tara a cikinsu za a yi ta. Saboda haka mu iyaye da yayye, ranar da yaro ya zo ya ce an kira shi gwaji ko an ba shi takarda, kada mu tsaya kan sa albarka kawai. Mu karɓi takardar, mu nemi wanda zai karanta mana ita layi-layi, mu tambayi nawa ne, har yaushe ne, wa ke da jinya, kuma in an saɓa wa za a kai wa ƙara. In ba a ba mu amsar ta ƙarshen nan ba, kada yaron ya sa hannu.